Man Shanun da Kike Ɓoyewa a Tuwon Baffa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kin tarar da alherin da kika shuka.

Yau shekara uku da wata huɗu rabona da Gashuwa. Ina ƙirgawa ne daga safiyar da kika tsaya a bakin zaure, kika ba ni baya kina gyara igiyar akuyar da ba ta kwance ba, kika ce wa ƙanwata Hauwa ta gaya wa matafiyi Allah Ya kiyaye hanya. Wata biyar ke nan da aka kai ki, ban zo ba. An rufe ki kafin la'asar, ni kuwa ina nan Fatakwal cikin siton kamfani, ina sa hannu a takardar siminti. Na nemi izini, aka ce in jira aikin gada ya ƙare. Ban riƙe kowa ba. Ni na zaɓi neman abinci a nan.

Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa. Masu bibiyar rubutuna a waya za su gani, wataƙila wani ya ce kaina ya taɓu. Su faɗa. Ke kaɗai kika san hanyar da ake bi a isa wurin Baffa, kuma maganar Baffa ce ta zaunar da ni.

Baffa ba ya cin abinci, Inna.

Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, ke ma haka. Ɗanku na fari ne ni, a gidan da bai yar da fillanci ba ko da shanun suka ƙare aka shigo gari. A bakinsa ni ne "yaron nan", ga shi har furfura ta fara fito mini a gemu. In na shigo zaure sai ya tuna yana da uzuri a masallaci. In na kira waya aka miƙa masa, ya riƙe ta nesa da kunne kamar garwashi, ya ce a tambayi yaron nan ko lafiya, ya mayar.

Ke kuwa kin samo dabara. Ki karɓi wayar da hannunki, ki kara a kunnenki, sannan ki ce, "Ke Hauwa, gaya masa ya riƙa cin abinci a kan lokaci." Hauwa tana can bakin rijiya, ba ta ma san ana yi ba. Haka muka yi shekaru muna hira, ni da ke, ta bakin yarinyar da ba ta wurin. Abin da Baffa yake so kuwa, daga gare ki nake ji. Abin da nake so ya sani, ke kike kai masa, ki tace, ki cire ƙaya.

Kin tuna ranar da ya faɗi a kara, kasuwar shanun Nguru, yana tsaka da cinikin wani bijimi da aka koro daga Machina. Abokinsa Ba Modu, Babarbaren nan mai sayar da kanwa, shi ya sa aka ɗauke shi zuwa asibiti. Na kwana biyu a hanya na shiga wurinsa, da na fito na iske ki a kan tabarma a baranda, kin ƙi shiga ɗakin saboda an ce ina ciki.

Likitan mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce zuciya ce, jini ya hau, a riƙa shan magani, a rage gishiri, a rage maiƙo. A rage ya ce. Na ji da kunnena. Amma ni ne wanda ya yi boko a gidan, ni ne mai aiko da kuɗin cefane, kuma tsoro ya cika mini ciki. Kafin mu kai Gashuwa "a rage" ya zama "a daina" a bakina.

Na yagi takarda daga littafin makarantar Hauwa, na rubuta da manyan baƙaƙe: ba man shanu, ba kitse, ba ƙwai, ba kindirmo mai maiƙo, ba tsire. Na liƙa a bangon madafi da ƙusa. Ba ki iya karatun boko ba, na sa aka karanta miki sau biyu. Kin dai dubi takardar kamar yadda kike duban baƙon da ya shigo da takalmi, kika ce wa Hauwa, "Gaya masa an ji."

Mutumin da aka yaye shi da nono, ya girma a bayan shanu, bai taɓa sa hannu a tuwon da ba man shanu ba sai in yana gidan makoki, shi na yanke wa wannan hukunci a tsaye, jakata a kafaɗa. Ban tambaye shi ba. Ta yaya ma zan tambaye shi?

A madadinsa na riƙa aiko da abin da na ɗauka shi ne lafiya. Mai na roba mai hoton zuciya a jiki. Bota ta gwangwani. Taliya, burodi, ganyen shayi da sukari, don kada baki ya zauna haka. Abin da aka hana na hana, abin da ba a ambata ba na cika gida da shi.

Baffa kuwa ya miƙe. Ya koma kara. Ya koma hawa motar Nguru ranar kasuwa. Duk wanda ya zo daga gida sai ya ce tsoho ya murmure, har wuyansa ya cika. Ni kuma na buɗe baki. A masallacinmu na nan, duk wanda ya ce mahaifinsa na da hawan jini, sai in zaunar da shi in karanta masa takardata daga kai. Na ce man shanu ne yake kashe mutanenmu, jahilci ne ya hana mu gani. Na faɗi haka, Inna, da bakin nan da kika shafa wa man shanu yana jariri.

Shekara kusan uku ina wannan wa'azi.

Da kika tafi, tukunya ta koma hannun Hauwa. Kin san ta, in aka ce ta tsaya nan, nan za a dawo a same ta ko ruwa ake yi. Ta bi takardar harafi bayan harafi. Baffa ya fara barin rabin malmala. Muka ce rashinki ne. Ya koma loma uku, ya ture kwano, ya ce alhamdu lillahi. Muka ce zafi ne. Sai shayi da burodi, safe da yamma, shi ma don yana wucewa ba tauna. Aka kai shi awo, aka ce yanzu kuma sukari ya ɗan hau. Hauwa ta turo mini hotonsa daga nesa, a ɓoye, yana zaune gindin dalbejiyar ƙofar gida. Na daɗe ina kallo. Rigar na gane, ni na ɗinka masa ita. Wanda ke ciki ne ban gane ba.

Bai taɓa cewa abincin ba daɗi ba. Bai ce yana jin yunwa ba. Kin san gara ya mutu da ya faɗi haka a gaban 'yarsa.

Sai ranar da mata suka zo fitar da kayan ɗakinki don rabo. A ƙarƙashin gado, cikin babbar kwallar nan da muka ɗauka zannuwa ne, suka sami kwalabe. Bakwai wankakku, ɗaya da saura. Hauwa ta buɗe, ƙanshin man shanu ya cika ɗakin, maƙwabciyarmu ta fashe da kuka. Ita ta faɗi komai. Ta ce duk wata 'yan'uwanki na rugar Dagona suna aiko miki da shi cikin ƙwaryar nono. A madafinta kike soyawa da albasa, don kada ƙanshi ya tona ki a gida. In kin kwashe tuwon Baffa, sai ki huda malmala da babban yatsa, ki zuba cokali guda, ki rufe, ki shafe da mara, ki zuba miyar kuka a kai. Kullum. Tun daga makon da na tafi.

Na zauna a kan buhun siminti da na ji, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ashe takardar da nake yawo da ita a masallaci ba a taɓa binta ba ko na mako guda. Lafiyar da na ce ni na samo masa, a cikin tuwonki take a ɓoye. Ko kuma maganin asibiti ne ya yi aikinsa, man bai ƙara ba bai rage ba. Ko kuwa dai mutum ne ya ci ya ƙoshi, ƙarfi ya dawo. Ban sani ba. Abin da na tabbatar shi ne, ranar da aka fara bin dokata da gaskiya, ranar ya fara ƙarewa.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Kin bar ni ina zuba a gaban mutane. Da kin ce wa Hauwar bakin rijiya ta gaya mini, da na ji. Amma da na kwana a kan maganar sai na tambayi kaina, da gaske da na ji? Da na ce tsohuwa za ta kashe mana uba da son zuciya. Da na yi barazanar daina aike. Kin san ɗanki. Kin bar mini girmana, kin bar wa mijinki abincinsa, kika ɗauki ƙaryar ke kaɗai.

Tun daga nan na shiga neman gaskiyar maiƙon nan kamar mai neman ɓataccen ɗan maraƙi. Waya ta cika da masana. Wannan ya fito da farar riga ya ce kitsen dabba yana toshe hanyar jini. Wancan ya fito da tasa farar rigar ya ce ƙarya ne, sukari da fulawa da man roba su ne masu laifi, kakanninmu sun sha man shanu sun kai ɗari. Na uku ya jira su gama ya ce ga garin magani yana sayarwa. Kowa da yaƙininsa, ba wanda ya san Baffa.

Su masu zancen kakanni, na so in yarda da su, don maganarsu tana wanke ki. Amma kakannin nan a ƙasa suke tafiya daga fadamar Dagona har bakin iyaka, ba su san dunƙulen miya ba, ba su san shayi sau uku ba. Kuma waɗanda suka faɗi a daji suna da shekara hamsin, wa ya auna zuciyarsu? An ce aljani ne, an rufe.

Ga kuma ke. Ba ki taɓa fashin man shanu ba tun kina yarinya. Kina tankaɗen gari kika ce ƙirjinki ya riƙe, kafin a samo mota kin tafi, ba ki kai saba'in ba. In na ce man ne ya raya Baffa, me zan ce da ke? Wannan tambayar ita ke hana ni sakewa. Duk ta inda na juya ta, sai ta sare ni.

Na je wurin likitar da ke duba ma'aikatanmu a nan, na kwashe komai na gaya mata, har da kwalabe. Ta yi murmushi, sannan ta daina. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba, a mayar da shi wurin masu duba shi, kada a bar magani. Ta ce maganar rage maiƙo ba wasa ba ce, tana da tushe. Amma tsohon da ya kusa tamanin, yana ramewa haka, rashin ci ya fi cokali guda haɗari. Sai ta tambaye ni wa ya ce a daina gaba ɗaya. Na ce ni.

A ranar na kira Hauwa na ce ta cire takardar ta sa a murhu, ta yi yadda kike yi. Ta huda malmala, ta zuba daga ragowar kwalbarki, ta rufe, ta kai masa, ta laɓe bayan zana. Ta ce ya gutsura, man ya biyo yatsunsa. Ya tsaya yana kallon hannunsa, har ta ɗauka addu'a yake. Sannan ya rufe kwanon, ya kira ta, ya ce, "Mai wannan aikin ta tafi da abinta. Ɗauki."

Ashe ya sani, Inna. Tun ranar farko ya sani. Wane Bafillace ne za a ɓoye wa man shanu? Ya ci ne saboda daga hannunki ya fito, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ambata, maganar yaron nan kuma tana nan a bango ba a karya ta a fili ba. Ku biyu kuka haɗa baki ba tare da kun buɗe baki ba. Yanzu daga hannun 'yarsa, in ya ci, ya amsa cewa kwaɗayi ya fi ƙarfinsa ke nan.

Da na rasa yadda zan yi sai na tuna da Ba Modu. Shi ne kaɗai mutumin da zai zagi Baffa a bainar jama'a Baffa ya yi dariya, saboda wasan Barebari da Fulani. Na kira shi. Ya fara da ni, ya ce ɗan bawansa ya tuna da ubangidan ubansa sai da wuya ta yi wuya. Ya rufe rumfarsa ranar da ba ta rufewa ba ce, ya hau mota daga Nguru da kwalba a aljihun babbar riga.

Shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya same shi gindin dalbejiya, ya ce masa tashi ka gaida ubangidanka, Bafillatanin banza, rowa ce ta kai ka kake yi wa cikinka? Baffa ya ce yaushe bawa ya fara zama kafin a ba shi izini. Ba Modu ya ce ya zo duba dukiyarsa ne, ya tarar an bar masa ƙashi da fata, ko mahauci ba zai taya ba. Ya ce Baffa ya yi dariya har da tari, dariyar farko tun rasuwarki. Aka kawo tuwo. Ba Modu ya fito da kwalba ya kwarara a kai a gaban kowa, ya ce umarnin ubangida ne.

Baffa ya janye hannu. Ya ce yaron nan ya hana.

Ba Modu ya ce yaron nan ya janye, shi ya aiko shi ma. Baffa ya ce, "Ban ji daga bakinsa ba."

Nan take Ba Modu ya kira ni, ya tura masa wayar. Ina jin numfashinsa, Inna. Na ce Baffa, Baffa, ni ne. Sai na ji muryarsa ta yi nisa, yana cewa a tambayi yaron nan ko lafiya.

Kin ga inda muke. Ba zai ci ba sai ya ji daga bakina, kuma ba zai saurari bakina ba. Ba Modu ya cinye tuwon shi kaɗai don kada a yi asara, ya ce a hanyar komawa Nguru bai san hawaye na zuba ba sai da yaron mota ya tambaye shi. Da ya sake kirana daga baya babu wasa a muryarsa. Ya ce, "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Kuma ba a kwance akuyar Gashuwa daga Fatakwal. In kana da zuwa ka zo yanzu, kada ka zo gaisuwa."

To zan je. Amma ban san abin da zan yi ba in na isa, shi ya sa nake rubuta miki. Shekara arba'in da shida ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na shiga zaure ya tashi fa? Yanzu ma ko yana da ƙarfin tashin? In riƙe masa riga? In durƙusa a bayansa in yi magana da bango, yadda kike yi da Hauwa, in ce a gaya wa Baffa yaron nan ya yi kuskure, likita rage ya ce, ƙarin daga gare ni ne? In faɗa a gaban mutane ko mu biyu? Wanne ne zai fi masa sauƙin haɗiya? Ke da kin sani. Da kin faɗa mini a cikin kalma huɗu, kina kallon wani wuri.

Wani tsoron kuma, in na zuba masa da hannuna ya ci, bayan mako guda zuciyar ta tsaya, me zan ce wa kaina? Na hana, ya rame. In na bayar ya tafi, ni ne dai. Na auna, na sake aunawa. Na ga gara in tsaya gaban Allah da laifin cokali guda da in tsaya da laifin yunwar ubana. Zan kai shi Nguru a sake duba shi, zan faɗa wa likitan gaskiya duka, in ya ce rabin cokali, rabi za a zuba. Amma ba zan ƙara rubuta wa kowa takarda ba. Mutanen masallacin da na yi wa wa'azi, na bi waɗanda na samu ɗaya bayan ɗaya na ce su koma su tambayi likita da kyau, su kuma dubi kwanon tsohonsu in an dawo da shi. Biyu sun riga sun koma gida, ban san inda zan same su ba.

Ki yafe mini, Inna. Na mayar da ke ɓarauniya a madafinki. Na sa kina soya man shanunki a gidan wata kamar abin kunya, ke da mata ke zuwa koyon yadda ake kaɗa nono a wurinki. Ban taɓa ce miki na gode ba baki da baki, al'ada ba ta bari ba, ni ma ban nema ba. Na gode. Shekara uku kika ƙara masa da babban yatsanki, ko kuma Allah Ya ƙara masa ta hannunki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ƙaryar nan ta zama cikin mafi nauyin ayyukanki na alheri. Allah Ya shayar da ke daga ƙoramar nonon da ba ya tsami. Allah Ya riƙe mini ran Baffa har in iso, Ya buɗe masa kunne, Ya kwance mini harshe. Amin.

Hutu ba a ba ni ba, tara shi na yi. Tun bayan rasuwarki nake riƙe wa abokan aiki ranakun Lahadi suna zuwa coci, ina ajiye nawa. Kwana goma sha ɗaya suka taru. Biyu na zuwa, biyu na dawowa, bakwai a gida. Tuwon rana da na dare, kwano goma sha huɗu ke nan. Ina roƙon Allah ya ci ko ɗaya.

Ɗanki,
Buba
Fatakwal